Jirgin da Bai Iya Tafiya Sannu Ba

Waikerie, 12 ga Satumba, 1988

Kel, ɗan kawuna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata teku ba ta wahalar da kai, kuma injin jirgin kamun jatan landen nan naku ya daina cin ranka. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ke riga rediyo sanin za a yi ruwa. Sanyi ya fara sakinmu, lemo ya yi fure, gari duk ƙamshi.

Ka tambaye ni idon maigidana. Likitan Adelaide ya ce aikin bai kama ba, kuma ba za su sake taɓawa ba. Ciwon suga ya gama da na dama tun bara, na hagun kuwa haske da duhu kawai yake rarrabewa. Amma Clarrie na nan yadda ka san shi, yana ci yana sha, yana zagaya gona yana gane kowace bishiya da hannu. Brenton ɗanmu ya zo daga birni ya ɗaura masa waya daga ƙofar kicin har rumfar lemo don ya riƙa bi. Clarrie ya ce an mai da shi akuya.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Jirgin tseren da ka bari a rumfarmu, wanda ka raɗa wa suna Fitinanniya, jiya na yaye masa tamfol. Kaji sun daɗe suna ƙwai a kujerar direba. Tun da ka ajiye shi ban taɓa tsayawa na ƙare masa kallo ba sai jiya. Hancinsa dogo kamar na kada, cikinsa kamar bakin gatari, inji kuwa ya cinye rabin baya. Na zagaya shi ina ta mamakin abin da ka ƙera da hannunka sannan ka tafi ka bar shi.

Tambayata ita ce, jirgi irin wannan zai iya jan mai sulun ruwa, mai zamiya a kan katako riƙe da igiya, a kogin Murray? Ka san namu na katako ya ruɓe, tumatir nake shukawa a ciki yanzu. Akwai wanda ya matsa min lamba yana son ya hau katakon sulu wannan bazarar, ni kuma ba ni da wani jirgi sai naka. Ni dai a tunanina, abin da ya fi ƙarfi ai ya fi iya ja. Amma shekara talatin ina bayan igiya Clarrie yana gaba yana tuƙi, ban taɓa tambayar dalilin komai ba.

Ka ba ni amsa, ba irin taka ta layi biyu ba.

'Yar gwaggonka,
Noelene


A teku, yamma da Karumba, 3 ga Oktoba

Noels,

Wasiƙarki ta iso tare da man jirgi da buhun dankali. Lafiyata ƙalau, sai hannuna da ya ƙi rabuwa da ƙarnin jatan lande ko da me na wanke shi. Labarin idon Clarrie ya taɓa ni. Ki gaishe shi, ki ce masa akuya ma tana tsinke igiya in ta ga dama.

Kaji a kujerata? Da na san gidan kaji na kai ta, da na sa mata akurki.

Ba sai kin faɗi wanda ya matsa miki ba, na sani. Brenton ne. Tun yana tseren sulu da samarin garin Berri yake lashe baki in ya ga Fitinanniya. Ki ce masa na yarda. Ta teku ce, don tseren teku na ƙera ta, amma irin su ne ke jan masu tseren kogi yanzu, kuma ba su kai ta ba. Fitinanniya za ta ja duk wanda ya iya riƙe igiya. Gida ma za ta ja in aka ɗaura mata.

Makulli na cikin gwangwanin kofi a saman katakon rumfa. A sake batir, a zubar da tsohon mai, a canza baƙin mai. Kada a tayar da ita a tudu sai an jona mata tiyon ruwa, in ba haka ba za ta ƙone. Babu sandar ɗaura igiya, sai ƙarfuna biyu a baya, a haɗa su da gajeriyar igiya a ɗaura doguwar a tsakiya. Igiya ta zama mai tsawo sosai, ninkin wadda kuka saba, don mai sulu ya yi nesa da ruwan da take tumɓukewa. Kuma kada a yi mata rowar totur. Ba ta son lallashi, in aka ba ta kaɗan sai ta yi fushi.

Ina kishin yaron nan. Ni da na ƙera ta, sau nawa ma na hau? Aiki ya kira, na ce shekara ɗaya, ga shi har yanzu ina cewa shekara ɗaya.

Ki rubuto min yadda ta yi. Kuma ki kori kajin.

Kelvin


Waikerie, 24 ga Oktoba

Kel,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Clarrie na amsawa, ya ce ka san hali.

Na yi dariya har na zauna da na karanta sunan Brenton. Brenton ya yi tumbi, ko katakon bai san inda ya ajiye ba. Clarrie ne zai hau. Ni ce zan tuƙa.

Kada ka yi wannan fuskar. Kafin mu yi aure shi ne gwanin sulu a nan, ya bar min igiya ne don babu mai tuƙa mu. Wata safiya muna shan shayi ya ce, "Noelene, shekara talatin ina jan ki. Ki ja ni sau ɗaya." Da na karanta masa layinka, cewa za ta ja duk wanda ya iya riƙe igiya, sai ya miƙo hannuwansa ya ce, "To, waɗannan ba su makance ba."

Na yi duk abin da ka ce. Da Fitinanniya ta tashi, karen maƙwabta ya shige ƙarƙashin mota bai fito ba sai yamma. Voula maƙwabciyarmu, wadda mijinta Stavros ya rasu bara waccan, ita ta yarda ta zama mai duba baya, tunda doka ta ce sai da mai duba baya. Amma kujerunka duk gaba suke kallo, don haka a kan akwatin ƙanƙara take zama tana riƙe da rigata.

Ban yarda na fara da mutum ba. Mun cire tsohuwar ƙofar banɗakin gona, muka ɗaure mata buhun taki biyu, nauyin Clarrie ke nan, muka ja ta. Kel, abin da na gani ya hana ni sukuni. In na ba ta totur kaɗan, daidai gudun da muke sulu da shi a da, sai ta ɗaga hanci sama ta zauna a kan gindinta. Ba na ganin kogi, sai sama da saman duwatsun gaɓa. A bayanta kuma ruwa yana tashi tudu biyu, kowanne ya kai ƙugun mutum. Wani mai kamun kifi a bakin gaɓa, ruwan ya tafi da guga da abincinsa. Abin da ya faɗa ba zan rubuta ba. Voula ta mayar masa da martani da Girkanci.

In kuma na ƙara mata, sai ta yi kamar tana tunani, can sai ta sauke hanci ta fizga. Nan ruwan baya yakan kwanta sumul, amma gudun ya wuce misali. Ƙofar ta yi ta tsalle a kan ruwa, daga nan Voula ta ce, "Noelene, mijinki ya rabu biyu." Ƙofar take nufi.

Clarrie yana zaune a gaɓa yana saurare. Da muka dawo ya ce, "Tsakanin kukanta na farko da na biyu akwai wuri. Nemo shi." Na jibga buhunan taki a cikin hancin, ta ɗan rage ɗagawa. Na sami wurin, amma siriri ne, in na yi atishawa ya kuɓuce.

Me ke sa ta ɗaga kai? Gatarin cikin nan ne? Ƙaramar farfela za ta taimaka? Me ya sa namu na katako, da injin tsohuwar mota a tsakiyarsa, bai taɓa yin haka ba? Ina kwana ina tashi da waɗannan tambayoyin, ban san kogi na da wannan ilimin ba.

Mun shirya usur. Voula za ta busa sau ɗaya ya karkata dama, sau biyu hagu, doguwa ya saki igiya. Muna gwadawa a gona, yana bin ta tsakanin bishiyoyi ba ya kuskure.

Mun sa Lahadin farko ta Disamba, ranar haihuwarsa. In akwai abin da ban gani ba, ka faɗa. In ban ji daga gare ka ba, zan ɗauka ba ka da ja.

Noelene


A teku, 27 ga Nuwamba

Noelene,

Ina fata kuna lafiya, kuma ina roƙon Allah wannan ta riga Lahadi isowa. Jirgin da ke kawo mana mai ya lalace, wanda ya maye gurbinsa ya kai buhun wasiƙunmu wani jirgin daban. Yau da safe taki ta shigo hannuna. Na roƙi kyaftin ya kira ta rediyo a buga miki waya daga Karumba, ya ce ya faɗa wa na ofis, amma ban yarda da mutumin ba.

Kada ki ja Clarrie da Fitinanniya. Layin da kika karanta masa, da Brenton nake, ƙato mai ido biyu wanda ya saba faɗuwa a guje. Da na san Clarrie ne da ban rubuta shi ba.

Ga amsar tambayoyinki, tunda na san ba za ki ji ba sai da dalili. Cikin nan mai kama da gatari don yanka tudun teku aka yi shi. Sai ta yi gudu sosai take hawa saman ruwa. Kafin nan huɗa take yi kamar garma, shi ne tudun da kika gani. Naku na katako cikinsa shimfiɗaɗɗe ne, inji a tsakiya, yana hawa ruwa tun yana tafiyar keke, shi ya sa bayansa ke kwance. Farfelata kuma kamar a tashi mota a giya ta huɗu ce. Za ta ja mutum cikin ruwa tana nutsar da shi, sannan ta fizge shi lokaci guda. Ƙarama za ta rage, ba za ta gyara ba. Siririn wurin da kika samu, da ƙofa kika same shi. Ƙofa ba ta jan igiya gefe. Mutum yana ja.

Sai farfelar kanta. A can ƙarshen baya take, daidai inda mutum zai kama ya hau. Mai ido yakan manta da ita, balle wanda ba ya gani.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne usur. A gona kuka gwada. Bututun hayaƙinta baya suke kallo, kai tsaye cikin kunnen mai sulu, kuma ni na ce ku tsawaita igiya. Ba zai ji usur ba, Noels. Ko bindiga Voula ta harba ba zai ji ba.

Ki jira ni. An kusa rufe kamu.

Kelvin


Waikerie, 9 ga Disamba

Kel,

Muna raye, wannan na fara faɗa don hankalinka ya kwanta. Wasiƙarka ta iso jiya Alhamis. Waya kuwa ba wanda ya bugo.

Mun fita ranar Lahadi bayan coci. Ruwa kwance kamar faranti. Clarrie ya sa rigar ruwa mai hana nutsewa ya shiga, ya saita katakonsa biyu da kansa, ya ɗaga igiya ya ce in tafi. Na tafi. Ta huɗa, ta nutsar da shi har sai hularsa kawai Voula ke gani, amma bai saki ba. Can ta fizga, sai ga shi a tsaye.

Ya tashi, Kel. Ina so ka san wannan. Voula ta ce gwiwoyinsa a lanƙwashe, bayansa a miƙe, kamar jiya ya sauka. Ni ban gani ba, hancin jirginka ya tare min gaba, ina leƙe ta gefe ina neman siririn wurin nan. Da ya ɗan karkata sai na ji jirgin ya zauna, na ƙara totur, ta fizge.

Kafin kwanar da ke ƙasan gidan famfo akwai itacen da ya faɗo cikin ruwa. Na kauce masa. Clarrie kuwa yana ta gefen da itacen yake. Voula ta busa biyu, ta sake busawa, ta busa doguwa har fuskarta ta yi ja. Bai ji komai ba. Yana murmushi, ta ce. Na rasa yadda zan yi, sai na janye totur gaba ɗaya. Igiya ta saki, ya zame ya afka cikin tudun ruwan da na bari, hannunsa ɗaya cikin mariƙi. Bai kai ga itacen ba, amma kafaɗarsa ta dama ta goce.

Na kashe inji tun daga nesa, ba don na san zancen farfela ba, don dai in ji muryarsa. Voula ta yi tsalle cikin ruwa da takalmanta. Da ta riƙe shi, abin da ya fara cewa shi ne, "Wa ya tsayar?"

An mayar da ƙashin a asibiti, hannun na rataye. Brenton ya zo a daren, ya tsaya a kicin yana faɗa kamar shi ya haife mu. Ya ce, "Mama, makaho kika ɗaura a bayan jirgin tsere? Wa ya ba ki wannan shawarar?" Ban ambaci sunanka ba, don ba kai ka ba ni ba. Ni na ɗauki shirunka na mai da shi izini. Ya cire makullin jirgin ya sa a aljihu. Da yaron ya tafi Clarrie ya ce, "Har hanyar banɗaki zai sa min waya yanzu."

Tun ranar ba ya fita gona. Yana zama a baranda yana fuskantar kogi. In jirgi ya wuce sai ya faɗi irin injinsa, shi ke nan zancen. Wannan ya fi kafaɗar damuna.

Na karanta bayaninka sau da yawa, kuma abin haushi, daɗi ya yi min. Garma, giya ta huɗu, duk na ji su a hannuna kafin ka ba su suna. Yanzu na san abin da jirginka ba zai iya ba. Abin da ban sani ba shi ne abin da mijina ke nema a bayan igiyar nan. Na tambaye shi, ya ce in ƙara masa shayi.

Noelene


Cairns, 6 ga Janairu, 1989

Noels,

Barka da sabuwar shekara. Ina fata kafaɗar ta fara sauƙi. Ni lafiya, mun shigo gyara, an sauke injinmu gaba ɗaya, kuma kyaftin ya ce in na tafi kafin a mayar da shi kada in dawo. Don haka zuwan da na ce zan yi bai yiwu ba. Na kira sau biyu ban same ku ba, kuma gara haka, don ban san abin da zan ce wa Clarrie da baki ba.

Kin ce ba ni na ba ki shawara ba. Na gode, amma na yi alfahari da jirgi ban tambayi wa zai hau ba.

Kada ku bar shi a baranda. Marigayi Stavros yana da ɗan jirgi mai inji a tsakiya, shuɗi, na taɓa gyara masa famfon ruwa. Ki tambayi Voula ko yana nan. In yana nan, shi ne naku. Hayaƙinsa ƙarƙashin ruwa yake fita, in kin yi magana mai sulu zai ji. Farfelarsa tana can ƙarƙashin ciki, nesa da ƙafar mutum. Ki sa gajeriyar igiya. Ki zaɓi miƙaƙƙen wuri, ki bi shi da kanki tukuna ki ga babu itace. Sai likita ya yarda, ba Clarrie ba.

Fitinanniya kuwa, ki ce wa Brenton ya ja ta ya kai duk inda ya so. Ko ki zuba mata ƙasa ki shuka tumatir. Ba ta da amfani a kogi, ni kuma na daina yi wa kaina ƙaryar shekara ɗaya.

Ki gaya min gaskiya, yana fushi da ni?

Kelvin


Waikerie, 14 ga Maris

Kel, ɗan kawuna,

Gaisuwa mai yawa. Ka yi haƙuri da shiruna, zafi da ban ruwa sun sha kaina, kuma na so in sami abin faɗa tukuna. Kafaɗa ta warke, sai dai ba ya iya ɗaga ta sama sosai. Ba ya fushi da kai. Ya ce wanda ya ƙera abin da ya tsayar da shi a kan ruwa ba abin fushi ba ne.

Jirgin Stavros na nan. Voula ta yi kuka da muka fito da shi, sannan ta zage shi don ya ƙi tashi. Brenton ne ya tayar da shi. Na kira shi na ce ko ya zo ya taimaka ko ya zo ya kalla, don yi za mu yi. Ya zo da akwatin sifanoninsa yana gunaguni.

Duk abin da ka faɗa haka yake. Ɗan jirgin nan yana hawa ruwa kamar agwagwa, ina ganin gabana, bayansa kuma a shimfiɗe. Lahadin da ta wuce muka ja Clarrie. Ya tashi a karon farko ba wahala. Usur ma ba mu buƙace shi ba, Voula ta riƙa yi masa magana kamar suna tsakar gida. Ya tsallaka dama, ya dawo hagu, har ya saki hannu ɗaya ya ɗaga mana. Brenton ya juya baya yana share fuska, wai ruwa ne ya fantsamo masa.

Da ya hau jirgi na ce, "To, yaya?"

Ya ce, "Ya yi kyau. Kin iya tuƙi."

Na san muryar nan. Ita yake yi in na dafa abin da likita ya ce ya ci. Na ce, "Clarrie, faɗi."

Ya daɗe yana goge kansa da tawul, sannan ya ce, "Tun da idona ya tafi, kowa a hankali yake tafiya da ni. A hankali Baba, ga matakala. A hankali Clarrie, ga kujera. Ranar nan da jirgin Kel ya fizge ni, shi kaɗai ne bai san ni makaho ba ne."

Sai Brenton ya laluba aljihun jakarsa ya fito da makullinka ya ajiye min a cinya. Ya ce, "A ciki zai zauna, Mama. Ba a baya ba."

Da yamma muka sauke Fitinanniya. Na kwashe buhunan takin. Brenton ya bi miƙaƙƙen wurin nan na saman gari da ɗan jirgin Stavros, ya tabbatar ba kowa, ya tsaya a ƙarshe yana ɗaga riga. Clarrie ya zauna a kujerar gefena, ya dafa hannuna a kan totur. Na ba ta ba rowa, yadda ka ce tun farko. Ta ɗaga kai, ta sauke, ta kwanta. Kel, ashe haka take. Duk hargowar nan da ƙin ji sun tafi, sitiyari ya yi laushi a hannuna, duwatsun gaɓa suna wucewa kamar ana janye labule. Iska ta ɗauke hular Clarrie. Na saci kallonsa, bakinsa a buɗe, hawaye na gudu baya zuwa kunnuwansa, ban sani ba ko na iska ne.

Da na rage gudu muka tsaya muna jin ruwa na bugun cikin jirgi. Can ya ce, "Iyakarta ke nan?"

Na ce, "A'a. Saura."

Ya ce, "Na ji. Hannunki ya tsaya a rabi."

Don haka tumatir sai su nemi wani wuri. Sulu na jirgin Stavros ne, wannan mun gama da shi. Fitinanniya kuma tana nan, kuma kujerar baya ba kowa in ka ga damar zuwa. Amma kafin nan ina da tambaya, kuma a wannan karon zan faɗa maka komai don kada ka yi zaton wani. Ni ce zan tuƙa, Clarrie na gefena, dukanmu da rigar ruwa, kogi ba kowa. Me take yi in aka wuce rabi? Hancin yana rawa? Sitiyari yana sauya hali? Me zan ji a hannuna kafin ta yi abin da ba na so?

Ba zan ɗauki shirunka a matsayin amsa ba. Zan jira. Amma ka hanzarta, don mutumin nan tun asuba yake tambayata ko ɗan wasiƙa ya wuce.

'Yar gwaggonka,
Noelene